Takobin kaka na tsatsa a zaure, mu muna yabon na Japan

Maganarmu ta wannan mako a kan takobi ce, kuma ta shafi duk mai rubuta labarin yaƙi, ko na sarauta, ko na tarihi.

Ku duba labaran jarumta da matasanmu ke rubutawa. Jarumi zai zare takobi, a ce "mai tsananin kaifi da tsini", shi ke nan an gama siffanta shi. Idan marubucin ya ƙoƙarta ya ƙara bayani, sai ka ga abin da ya zana mai lanƙwasa ne, mai kaifi gefe ɗaya, mai doguwar ƙota da ake riƙewa da hannu biyu. Wannan katana ce ta Japan, a fim ya gan ta, ya ɗauko ya damƙa wa barden Sarkin Zazzau. Ra'ayina shi ne: marubucin da ya fito daga Ikara ko Makarfi ko Kudan ba shi da uzurin jahiltar takobin gidansu, kuma babban abin da ya kamata mu koya daga Japanawa shi ne yadda suka rubuta labarin nasu takobin har duniya ta san shi.

Mu fara da nasu, don mu ga inda darajar ta fito. Ruwan katana yakan wuce santimita 60, yawanci ya kai wajen 70, nauyinta kuma wajen kilo ɗaya. Ana narka baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi a murhun yumɓu da suke kira tatara, a sami ƙarfen da suke kira tamahagane. Maƙeri ya yi ta dukansa yana ninkewa, sau goma zuwa sha biyar, don datti ya fita, ƙarfen ya daidaita. Kafin a tsoma shi a ruwa sai a shafe shi da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a baki. Bakin yakan huce da sauri ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya zama mai jure duka. Wannan bambancin ne ke ƙara wa takobin lanƙwasa, ya kuma bar wani zane kamar igiyar ruwa a gefen kaifi, wanda suke kira hamon.

Aiki ne mai kyau, amma kyan aiki kaɗai bai isa ya raya sana'a ba. A 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙaƙen girki da kayan noma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, sojojin Amurka da ke mamaye da ƙasar suka yi ta ƙwace takubba, aka lalata da yawa, aka kwashe wasu zuwa waje. Abin da ya ceci sauran shi ne rubutu. A 1948 aka kafa ƙungiyar adana takubban fasaha, wadda aka fi sani da NBTHK, tana duba takobi ta ba shi takardar shaida. Doka ta wajabta wa kowane takobi takardar rajista. Mai son zama maƙerin takobi sai ya yi shekara biyar a ƙarƙashin ubangida kafin ya sami lasisi, kuma ba zai ƙera dogon takobi fiye da biyu a wata ba. A 1977 aka sake hura murhun tatara a yankin Shimane don kada ƙarfen ya yanke. Maƙeransu da yawa sukan sassaƙa sunansu, wani lokaci har da shekara, a kan gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Shi ya sa masu tara takubba ke iya ambaton Masamune, wanda ya rayu wajen shekara 700 da suka wuce, kamar maƙerin unguwarsu. Mai saye yana biyan kuɗin ƙarfe, yana kuma biyan kuɗin suna da asali da labari.

To, mu fa? Takobinmu miƙaƙƙe ne, mai kaifi gefe biyu, ruwansa ya kai wajen santimita 80. Ana riƙe shi da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun na kan linzami ko garkuwa. Sau da yawa akwai kwari a tsakiyar ruwan, guda ɗaya mai faɗi ko sirara uku. Kansa ba ya cika tsini sosai, saboda an fi yin sara da shi a kan suka. Kubensa aikin baduku ne, ana rataya shi a kafaɗa da hamila. Abzinawa suna da irinsa, suna kiransa takoba. Kakanninmu kuma ba su tsaya a kalma ɗaya ba: akwai kansakali, akwai bisalami mai lanƙwasa da kaifi gefe ɗaya, akwai tamogashi mai layi uku, akwai dunhu wanda ba shi da zane. Cikinmu mutum nawa ne suka taɓa sa ɗaya daga waɗannan kalmomi a labari?

Tarihinsa ma yana da nisa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, mafi yawa ƙirar garin Solingen na Jamus, ta hanyar Sahara. A nan ake yi musu ƙota da kube, a sake rarraba su. Maƙeranmu kuma suna ƙera nasu da ƙarfen da aka narka daga tama, wani lokaci su kwaikwayi tambarin na Turai, kamar tagwayen jinjirin wata mai fuska. Ke nan takobi guda yana iya haɗa maƙerin Jamus, da fataken Gadamas, da baduku na Kano, da barden Zazzau. Wane marubuci ne zai ce babu labari a nan? Muna ma da takubba masu suna: Gajere na fadar Katsina, wanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau, da wuƙar da ke fadar Daura wadda ake dangantawa da Bayajida. A 1964 A. D. H. Bivar ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a kan makaman fadojin Arewa, a 1977 kuma Joseph Smaldone ya fitar da nasa a kan dabarun yaƙi a Daular Sakkwato. Duka biyun da Turanci suke, baƙi ne kuma suka rubuta.

Yankinmu na arewacin Zazzau yana tsakanin Zariya da Kano, hanyar fatake ce, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun addabi ƙasar Zazzau. Mutanen wancan zamani sun san amfanin takobi. Har yau idan Sallah ta zo, hakimai da jama'arsu sukan nufi Zariya don hawa, ka ga mahaya da takubba a rataye. Amma ka tambayi matashin da ke riƙe da shi wa ya ƙera, ko wa ya fara rataya shi, sau da yawa amsar ita ce "na kakanmu ne". A gidajen sarauta, da na maƙera, da na mafarauta, daga Hunkuyi zuwa Ikara, akwai tsofaffin ƙarafa a ƙarƙashin gado ko a jikin bangon zaure. Tsohon da ya san labarinsu yana ƙara tsufa. Ranar da ya rasu, magada za su ga tsatsa kawai, ɗan jari-bola kuma yana wucewa da sikelinsa. Wanda ya tsira daga sikeli yakan faɗa hannun dillalin kayan tarihi, ya ƙare a bangon wani a Turai an rubuta masa "takobin Abzinawa", ba sunan gari, ba na gida. Mun iya ba da labarin raken Makarfi da mazarƙwailar Kudan. Wannan ma namu ne.

Akwai ɓangare na biyu da ya shafi lafiyar jiki kai tsaye. Matasa da ke koyon karate da makamantansa suna sha'awar katana, wasu na ganin tallarta a intanet da araha. Yawancin waɗannan na ado ne, an yi su da ƙarfe mara tsatsa irin na cokali, wanda idan ya yi tsawo yakan karye, gindinsu kuma siririn ƙarfe ne da aka yi wa walda. Ka kaɗa shi da ƙarfi, ruwan yana iya fizgewa daga ƙota ya tashi ya sami na kusa da kai. A Japan kansu ba a fara koyo da kaifi. Ana farawa da takobin itace, bokuto. Masu wasan kendo suna amfani da shinai, wato tsagin gora huɗu da aka ɗaure, tare da sulken kare kai da ƙirji. Masu koyon zarewa da mayarwa a kube suna amfani da iaito, mai siffar takobi amma ba kaifi. Sai bayan shekaru, da izinin malami, ake taɓa mai kaifi, a gwada sara a kan naɗaɗɗiyar tabarma da aka jiƙa. Tsawon ma malami ne ke zaɓa gwargwadon tsayin ɗalibi da hannunsa, kuma kafin kowane atisaye ana duba 'yar ƙusar gora da ke riƙe ruwan a cikin ƙota. Babu mai hankalin da ke atisaye da takobin tarihi.

Wannan rabe-rabe ya dace da mu. Takobin gado na ajiya ne da nazari. Na hawa da na fim, a ba maƙeri ya ƙera sabo maras kaifi, shi ma ya sami ciniki. Na koyo kuwa sanda ce. Wanda ya ɗauki takobin shekara ɗari da hamsin yana karta shi a kwalta ranar Sallah don tartsatsi ya tashi, ya ɓata abin da ba zai iya mayarwa ba.

Na san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da 'yan bindiga da 'yan sara-suka, iyaye na kuka da yaran da ke yawo da makami, shi ne za mu zauna muna ƙawata takobi? Wasu kuma za su tuna mana cewa da waɗannan takubba aka kai hare-haren kamun bayi. Duka maganganun gaskiya ne, kuma su ne ma dalilin da ya sa nake son mu san abin sosai. Labarin da jarumi ke sare kai dubu ba gajiya, ba nadama, shi ne ke mayar da kisa wasa. Marubucin da ya san nauyin takobi ya san hannu na gajiya, ya san kaifi na dakushewa, ya san wanda aka sara yana da uwa. Idan ya bi asalin takobin gidansu ya tarar an yi zalunci da shi, sai ya rubuta hakan. Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki a 1934, lokacin da waɗanda suka ga zuwan Turawa da idonsu suna raye. Mu ba mu da wannan gata. Abin da ya rage mana shi ne ƙarfen da kuma jikokin masu shi.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ka nemi izinin dattijon gida, ka je da littafi da waya. Ka auna tsawon ruwan da faɗinsa, ka ƙirga kwarin da ke jiki, ka ɗauki hoton duk wani tambari ko rubutun ajami. Ka tambayi sunan da suke kiransa, wa ya fara mallakarsa, ta gado ya zo ko kyautar sarki ce ko ganima, a wane hawa ake fito da shi, yana da kirari ko babu. Ka rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗa, ka bambanta abin da mai maganar ya gani da abin da ya ji. Ka je maƙera ka zauna, ka ji sunan kowane abu daga bakin mai shi: zugazugi, uwar maƙera, masaba, awartaki. Ka je wurin baduku ka ga yadda ake ɗinka kube. Kada ka goge tsohon ƙarfe da yashi ko injin wasa wuƙa, domin tambarin da ke nuna asalinsa zai tafi tare da tsatsar. Ɗan mai kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, a ajiye shi inda ba danshi. Kada kuma ka wallafa sunan gida ko inda aka ajiye shi sai da yardar masu shi, saboda ɓarayi ma suna karatu. Ka sanar da su cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

Idan marubuta ashirin daga Ikara da Makarfi da Kudan suka rubuta takobi ɗai-ɗai, mun sami ƙaramin littafi da Hausa wanda ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello zai dogara da shi, mai shirya fim ya duba kafin ya ba jarumi makami. Labaranmu ma za su canza, domin barden da ya gyara hamila, ya zare tamogashin da ubansa ya saya a hannun fatake, ya fi zama mutum a idon mai karatu.

'Yan uwa, kafin Sallah mai zuwa, kowa ya nemo takobi ɗaya ya rubuta shafi biyu a kansa. Allah Ya yi mana jagora, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.