Aika imel da harshen C: darasi mai kyau, kayan aiki mai rauni

Duk ɗalibin kwamfuta da ya taɓa aika imel daga manhajar da ya rubuta da harshen C ya san babu wani tsafi a ciki, hira ce zalla. Manhajar za ta buɗe soket, irin wanda ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 25 ta sabar wasiƙu, sabar ta amsa da lamba 220. Sai gaisuwa da HELO, a faɗi mai aikawa da MAIL FROM, mai karɓa da RCPT TO. Da an ce DATA, sabar za ta mayar da 354, a zubo saƙon, a rufe da ɗigo guda a layinsa shi kaɗai. Wanda ya manta ɗigon nan zai yi ta zaman jira, sabar ma tana jiransa.

Jon Postel ne ya rubuta ƙa'idar wannan hira, wato SMTP, a 1982, zamanin da masu hawa hanyar sadarwar kwamfuta ba su da yawa. Shi ya sa ba ta neman shaida, kowa na iya sa sunan da ya ga dama.

'Yan damfara suka ci wannan amana. Yau kamfanonin intanet da dama sun toshe ƙofa ta 25 ga masu amfani a gida, Gmail kuma ba ya karɓar saƙo ta ƙofa ta 587 sai an ɓoye hirar da TLS, an kuma tabbatar da mai shiga. Ya dace malamai su ci gaba da sa ɗalibai rubuta hirar da hannu, amma manhajar da jama'a za su dogara da ita gara a ɗora ta kan shiryayyen kayan aiki irin libcurl.