Maganin Siteroyid da Bushewar Ido

Bushewar ido, wato ƙarancin hawaye ko saurin ƙafewarsu, takan zo da kumburi, shi ya sa likitoci kan rubuta maganin ɗigawa mai siteroyid, sinadarin da ke kwantar da kumburin da sauri. Sai dai ko loteprednol, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi don bushewar ido a 2020, iyakarsa mako biyu. Abin damuwa shi ne wanda hunturu ya sa idonsa ƙaiƙayi kamar an zuba yashi, ya sayi dexamethasone, wanda shi ma siteroyid ne, a kyamis ya yi ta ɗigawa wata da watanni, alhali matsin cikin ido kan hau ba tare da ciwo ba har jijiyar gani ta lalace, ko yanar ido ta rufe ganin; don haka bai kamata a sayar da irin wannan magani ba sai da takardar likita mai auna matsin.