Gyaran ƙwayar halitta: An samo maganin sikila, amma yaushe zai iso Daura?

A ranar 8 ga Disamban 2023, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Casgevy, makonni uku bayan Birtaniya ta yi hakan. Shi ne magani na farko a duniya da ya dogara da fasahar CRISPR, wadda ke bai wa masana damar yanke wani sashe na ƙwayar halittar gado su gyara shi. Cutar da aka fara tunkara da shi ita ce amosanin jini, wato sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu fama da ita, domin an kiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a ƙasar nan duk shekara.

Kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kimanin naira biliyan uku ke nan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a sakatariyar ƙaramar hukumar Daura ko Sandamu zai shafe fiye da shekara 3,500 yana tara albashinsa, bai ci ko sisi ba, kafin ya haɗa kuɗin jinyar ɗa guda. A nan ne muhawarar da masana ke yi a Turai kan ɗa'ar sabbin fasahohi ta zama maganar cikin gida.

Yadda maganin ke aiki

Jariri na zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jan jini wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Bayan watanni kaɗan jiki ya daina yin sa, shi ya sa alamun sikila ba su cika bayyana ba sai yaro ya kai wata biyar zuwa shida. Abin da Casgevy ke yi shi ne a ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaje-gwaje yadda za su koma samar da wancan sinadari na jarirai, sannan a mayar masa da su.

Kafin a mayar da su, sai an ba majinyacin magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji domin a share tsofaffin ƙwayoyin da ke cikin ɓargonsa. Wannan magani na iya hana haihuwa har abada. A ƙasashen da ake yin aikin, akan adana ƙwan mace ko maniyyin namiji kafin a fara. A ƙasar Hausa, inda darajar mace a gidan miji ke da alaƙa da haihuwa, wannan zaɓi ne mai nauyi: uban yarinya 'yar shekara 13 zai sa hannu a raba ta da ciwo, amma wataƙila ya raba ta da haihuwa. Dole a faɗa wa iyaye da ita kanta yarinyar wannan da harshen da suke ji, kafin kowa ya dangwala yatsa a takarda.

Darasin da Arewa ba ta manta ba

Maganar yardar majinyaci tana da tarihi a Arewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi, daga baya aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari a zukata na cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe.

Wannan darasi na da muhimmanci yanzu, domin a 2019 Gidauniyar Gates da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun yi alƙawarin zuba dala miliyan 200 don samar da irin wannan magani mai sauƙin kuɗi na sikila da cuta mai karya garkuwar jiki, da niyyar gwada shi a Afirka. Inda masu cutar suka fi yawa nan za a nemi masu gwaji. Abin tambaya shi ne: idan aka gwada magani a jikin 'ya'yan Baure da Zango da Mai'adua ya yi nasara, su da ƙannensu za su same shi, ko kuwa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?

Iyakar magani da ƙarin halitta

Akwai bambanci tsakanin gyaran da ya tsaya a jikin majinyaci da wanda ake yi wa ɗan tayi, wanda zai bi zuriya har jikoki. A 2018 wani masanin ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayar halitta tun kafin a dasa su a mahaifa. Masana a duniya suka yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta taɓa ƙwayar halittar maniyyi da ƙwai da ɗan tayi. Majalisun fiƙihu na duniyar Musulmi su ma sun bi wannan layi: sun halatta gyara don warkar da cuta bisa sharuɗɗa, sun hana wanda ake yi don sauya kamanni ko wanda zai rikita nasaba.

Sai dai kasuwa ba ta jiran doka. A Legas da Abuja akwai asibitocin dashen ciki da ke tantance 'yan tayi don zaɓar wanda ba shi da sikila. A Amurka kuwa wasu kamfanoni sun fara tallar tantancewa kan tsayi da kaifin basira, duk da cewa masana da yawa na shakkar ingancin hasashen. Hanyar da ta taimaki ma'auratan da suka binne 'ya'ya ita ce za ta iya zama hanyar da mai kuɗi zai zaɓi ɗan da ya fi so.

Duk wanda ke ganin son ƙara wa jiki abin da ba a halicce shi da shi ba al'adar Turawa ce, ya leƙa shagunan kayan kwalliya na biranen Arewa: man bilicin, ƙwayoyin ƙarin ƙiba, da tramadol da matasa ke sha don jure aikin ƙarfi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Al'ummar da ta kasa shawo kan man shafawa na naira dubu biyu, da wuya ta iya tsare kanta ranar da 'yan damfara suka fara tallar allurar “gyaran jini” a Facebook.

Ita kanta sikila tana koyar da taka tsantsan. Tun 1954 bincike ya nuna cewa masu rukunin jini AS, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya, sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ake kallo a matsayin aibi shi ne ya tsare kakanni da dama. Mai son share wata ƙwayar halitta daga zuriya ba lallai ya san duk aikin da take yi ba.

Abin da ke hannu yau

Daura ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai asibitin sojin sama da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2019, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Abin da zai ceci rayuka da yawa a yanzu ba ya buƙatar biliyoyi: gwajin jarirai tun daga haihuwa, maganin fenisilin da rigakafi, gidan sauro, da maganin hydroxyurea wanda ke rage yawan tashin ciwon. Dashen ɓargo ma an fara yin sa a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Sai kuma gwajin jini kafin aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma auren zumunta na ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Jihar Kano ta wajabta gwajin a 2024. Amma shi ma yana da nasa haɗarin: idan aka bar shi sai an kai lefe, iyalai kan ɓoye sakamako ko su nemi takardar bogi, yarinya mai AS kuma ta zama abin nuni a unguwa alhali lafiyarta ƙalau. Gwajin ya fi amfani tun a makarantar sakandare, cikin sirri, tare da bayani.

A nan ne fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruq Umar, da hakimai da limamai ke da rawar takawa. Sarakunan Arewa ne suka taimaka wajen dawo da amincewar jama'a ga rigakafin shan inna, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar ta daji a 2020. Za su iya neman kada a yi wani gwajin magani a masarautar sai da amincewar kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, da takardar yarda cikin Hausa, har da ajami ga wanda shi ya iya, da rubutaccen alƙawarin cewa waɗanda aka gwada a kansu za su ci moriyarsa. Ya rage wa gwamnatin Katsina da majalisar dokokinta su sa waɗannan sharuɗɗa cikin doka tun kafin masu binciken su iso.