NAZARI: Kuɗinka ne, amma banki na iya cajin ka kafin ka cire su daga katin bashi

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da hukumar CREDICORP a watan Afrilun 2024 domin sauƙaƙa wa ma'aikata samun bashin sayen kayan buƙata, maganar katin bashi ta fara shiga bakin mutanen da a da katin cirar albashi kaɗai suka sani. Mafi yawan tattaunawar ta tsaya ne kan wanda banki ke bi bashi. Akwai kuma wani yanayi da ba a cika tabo shi ba, wato lokacin da reshe ya juye da mujiya, mai katin ya zama shi ne ke bin banki.

Hakan na faruwa cikin sauƙi. Mutum ya sayi tikitin jirgi na Naira 400,000 da katin bashi, ƙarshen wata ya biya bankin cif. Bayan mako biyu kamfanin jirgin ya soke tashi, ya mayar da kuɗin ta hanyar da suka fito. Yanzu katin ba shi da bashin ko kwabo, sai ma rarar Naira 400,000 da ke zaune a kansa. Wani kuma kuskure ne ya sa ya biya sau biyu, wani da gangan ya zuba kuɗi kafin tafiya. A duk waɗannan, kuɗin na mai katin ne, babu jayayya a kai.

Matsalar tana farawa ne a gaban na'urar ATM. An gina katin bashi domin sayayya, saboda a kan kowace sayayya ɗan kasuwa yana biyan wani kaso da bankin da ya ba da katin ke samun rabonsa a ciki. Idan aka cire tsabar kuɗi, wannan kaso babu shi. Shi ya sa bankuna ke ɗaukar cirar kuɗi da katin bashi a matsayin rance na musamman mai tsauraran sharuɗɗa: ana yanke caji nan take, wanda a Amurka da Birtaniya ya kan kama daga kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuɗin ruwansa ya fi na sayayya, kuma yana fara hauhawa tun daga ranar da aka cire, ba tare da kwanakin rangwamen da ake bai wa mai sayayya ba.

Ita na'urar ba ta tambayar ko kuɗin waye. Abin da ta sani shi ne an saka katin bashi an nemi tsabar kuɗi, sai ta aika da saƙon a haka. Kuɗin ruwa ba ya hawa kan rarar da mutum ya mallaka, tunda babu rance a wurin, amma cajin cirar kuɗi kan fito daga yarjejeniyar katin, kuma yarjejeniyoyi da dama ba su keɓe mai rara ba.

A nan ne ƙaramin tarko yake. A ɗauka rarar Naira 100,000 ce, mai katin ya cire ta duka, cajin kuma kashi 3 ne. Naira 3,000 ɗin nan ba ta da inda za ta fito sai daga bashi. Mutumin da ya fito gida banki na riƙe da kuɗinsa, ya koma gida banki na bin sa, kuma idan bai duba bayanin asusunsa ba saboda ya tabbata babu bashi a kansa, ranar biya za ta wuce, tarar jinkiri ta biyo baya. Haka nan idan akwai sayayyar da ba ta kammala shiga asusu ba, kamar kuɗin ajiyar da otal ke riƙewa, rarar da ya gani a waya ba ta kai yadda ya zata ba.

A Najeriya akwai ƙarin nauyi. Daga 1 ga Maris 2025, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya soke cirar kuɗi kyauta sau uku a wata a na'urar wani banki, ya sanya Naira 100 kan kowace Naira 20,000. Idan na'urar tana wajen harabar banki ce, kamar a manyan kantuna da filayen jirgi, ana iya ƙara har Naira 500 a kan hakan. Akwai kuma iyakar Naira 500,000 a mako ga ɗaiɗaikun mutane, wadda ƙetare ta ke jawo cajin kashi 3. Wanda ya nufi kwashe rara mai yawa ta ATM zai biya a ƙofa fiye da ɗaya.

Su ma bankunan suna da hujjarsu ta ƙin son rara a kan katin bashi, kuma ba hujjar banza ba ce. Masu halasta kuɗin haram sun daɗe da gano cewa za a iya zuba kuɗi fiye da kima a kati, sannan a nemi banki ya mayar, sai kuɗin su fito da tambarin banki kamar tsarkakakku. Ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya yi bayanin wannan dabara tun a rahotonsa na 2002. Tsarin musayar bayanan haraji na ƙungiyar OECD, wanda Najeriya ta yi wa dokoki a 2019, ya yi wa masu ba da katin bashi sassauci ne bisa sharaɗin su hana rarar da ta haura Dala 50,000, ko su mayar da ita cikin kwana 60. Ƙasar da sai a Oktoban 2025 ta fita daga jerin waɗanda hukumar FATF ke sa wa ido, bayan shiga a Fabrairun 2023, bankunanta ba za su yi sakaci da irin wannan ba.

Sai dai tsoron masu laifi bai zama dalilin cin kuɗin mai gaskiya ba. Amurka ta raba gardamar a dokar da ake kira Regulation Z: idan rarar da ke kan kati ta haura Dala 1, kuma mai katin ya nema a rubuce, wajibi ne a mayar masa cikin kwanakin aiki 7. Ko bai nema ba, idan kuɗin suka wuce wata 6, bankin ne zai yi ƙoƙarin nemo shi ya biya shi. Ma'ana, an buɗe wa mai rara ƙofar da ba ta bi ta ATM ba.

Akwai masu zuba kuɗi a katin bashi da gangan domin kauce wa riba, su ce da nasu suke sayayya. Niyyar mai kyau ce, amma dabarar tana da ɓaraka. Cirar kuɗi sau ɗaya na iya jefa su cikin abin da suke gudu. A Birtaniya kuwa, inda Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa banki alhaki tare da ɗan kasuwa kan sayayyar da ta haura Fam 100 zuwa Fam 30,000, kariyar ta rataya ne a kan cewa da bashi aka saya, don haka wanda ya saya da rararsa na iya rasa ta.

Ga mai katin, hanya mafi arha ita ce ya bar rarar ta tafi a sayayyar yau da kullum, ko ya rubuta wa banki a tura masa ita asusunsa na ajiya, ya kuma nemi a faɗa masa cajin a rubuce kafin a tura. Idan an yanke masa abin da ba ya cikin yarjejeniya, koke na farawa ne daga bankin, sannan Sashen Kare Haƙƙin Kwastomomi na CBN.

Babban aikin kuwa na CBN ne. Gwamnatin da ke kiran miliyoyin ma'aikata su rungumi bashi ta ɗauki nauyin fayyace musu abin da zai faru ranar da lissafi ya juya. Jadawalin cajin bankuna da CBN ke fitarwa shi ne wurin da ya dace a rubuta ƙarara cewa mayar da rara zuwa asusun mai ita kyauta ne, a yanke adadin kwanakin da banki zai yi hakan, a kuma tilasta masa aika saƙon gargaɗi ga kwastoma da zarar rara ta bayyana a katinsa.