Zancen zuci ba sambatu ba ne

Wata ƙaramar gardama da ta tashi a darasin yamma na yaranmu masu shirin WAEC ce ta sa muka rubuta wannan. An tambayi yaran ma'anar kalmar Turancin nan, soliloquy, sai wani ya ce ai sambatu ne, wani kuma ya ce Hausa ba ta da kalmar sam. Mu dai muna ganin duk biyun sun kauce, kuma amsa ta biyun ta fi ci mana rai.

Kalmar daga Latin ta fito, haɗin solus, wato shi kaɗai, da loqui, wato yin magana. Wanda aka fi dangantawa da ƙirƙirarta shi ne Agustin na Hippo, malamin Kirista da aka haifa a shekarar 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rubuta littafi yana muhawara da hankalinsa. Daga baya masu wasan kwaikwayo suka ɗauke ta: ɗan wasa ya rage shi kaɗai a dandali, ya furta abin da ke ransa, 'yan kallo na ji, sauran mutanen cikin labarin ba sa ji.

Wannan shi ne zancen zuci, sai dai na dandali a fili ake furta shi saboda masu kallo. A finafinanmu na Hausa ma an saba da shi, inda za ka ga jaruma ta yi tagumi, bakinta a rufe, muryarta na tashi. Sambatu kuwa maganar da ba kai ba gindi ce, irin ta mai zazzaɓi ko mai magagin barci. Mai zancen zuci yana cikin hayyacinsa, yana auna abu, yana saƙawa yana kwancewa. Yaron da ya ɗauka Hamlet sambatu yake yi lokacin da yake auna rayuwa da mutuwa, to ya rasa wasan gaba ɗaya.

Wanda ya karanta Othello, littafin Shakespeare da WAEC ta sa daga 2016 zuwa 2020, ya san amfanin abin. Kusan kowa a cikin labarin yana ɗaukar Iago mutumin kirki mai gaskiya. Sai idan ya kaɗaita ne yake fallasa makircin da yake ƙullawa. Al'adar dandali ita ce, abin da mutum ya faɗa shi kaɗai shi ne abin da ke zuciyarsa, domin ba wanda zai yaudara a wurin. Shi ya sa mai kallo ke zaune ransa na tafasa: ya san abin da Othello bai sani ba, kuma ba shi da bakin faɗa masa.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Monologue doguwar magana ce ta mutum ɗaya, amma da masu saurare a gabansa, kamar jawabi, huɗuba, lacca, ko kirarin ɗan dambe. Aside 'yar gajeruwar magana ce da ɗan wasa ke jefa wa 'yan kallo alhali abokan wasansa na tsaye kusa, kusan raɗa. Dialogue kuwa musayar magana ce. Da yawa suna zaton ta mutum biyu ce kawai, amma farkon kalmar a Girkanci yana nufin ratsawa ne, ba biyu ba, don haka mutum goma ma za su iya yi.

A nan ne Hausa ta fi yalwa fiye da yadda yaranmu ke zato. Hira daban, taɗi daban, tattaunawa daban, muhawara daban, musu da cacar baki kuma nasu daban. Gunaguni ma magana ce da kai, amma mai yinsa so yake a ji. Habaici kuma ana yi wa wani magana ne ana nufin wani. Yaron da ya tashi a Agege ko Sabon Ibadan, Turanci a makaranta, Yarbanci ko buroka a titi, sau da yawa duk waɗannan "magana" ce kawai a bakinsa. Ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu faɗa a gabansa.

Wasu za su ce jarrabawa da Turanci ake rubuta ta, me ya kawo Hausa ciki? Gaskiya ne a takardar amsa Turanci zai rubuta. Amma yaron da aka ce wa "zancen zuci" nan take ya gane, domin ya sha ganin mahaifiyarsa ta yi shiru a kan tabarma tana lissafin kuɗin makaranta. Wanda ya haddace ma'anar daga ƙamus kawai, da an juya tambayar sai ya rikice tsakanin wannan da jawabi.

Mu manya ma da namu. Sau nawa aka aiko mana da sanarwar "zaman tattaunawa", muka je, mutum ɗaya ya riƙe makirufo awa biyu, aka yi addu'a aka watse? Wannan jawabi ne, kuma ba aibu ba ne a kira shi da sunansa tun a takardar gayyata, don wanda ya zo da shawara ya san ba ranar faɗinta ba ce. Muna roƙon masu shirya mana taro, idan sun rubuta tattaunawa, su ware lokacin da makirufo zai zagaya har sahun baya, inda mata da matasa suka saba zama.