Tsadar Takalmi Ba Ta Hawa Dutse

A shekarar 1955, wata dattijuwa 'yar jihar Ohayo a Amurka mai suna Emma Gatewood ta taka hanyar tsaunukan Afalashiya tun daga Jojiya har zuwa Men, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, ita kaɗai. Shekararta 67, kuma kambas ɗin Keds ne a ƙafarta. Shekaru saba'in ke nan da wannan tafiya, amma har yau masu shago na shaida wa sabon matafiyi cewa in bai sayi jibgegen but mai rufe idon sawu ba, kada ya kuskura ya goya jaka ya doshi dutse. Wannan huɗuba ta fi amfanar aljihun mai sayarwa fiye da ƙafar mai saye.

But mai nauyi yana da asali. Bayan mutuwar abokan hawansa shida a tsaunukan Alfs a 1935, Vitale Bramani ɗan Italiya ya ƙirƙiro tafin roba mai haƙora, wato Vibram. Domin ƙanƙara da duwatsu masu santsi aka yi shi. Wanda zai kai ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, ko mai goyon kaya masu nauyin gaske, buƙatarsa ga but tabbas ce. Kuskuren shi ne mai da maganin wuri ɗaya ya zama dokar ko'ina.

Nauyin da ke ƙafa ana ɗaga shi a kowane taku, sau dubbai a yini, shi ya sa ya fi na gadon baya gajiyarwa. Takalmin da aka ce ruwa ba ya ratsa shi, kamar mai shimfiɗar Gore-Tex, idan ruwan rafi ya kwararo ta bakinsa sai ya riƙe shi, ya daɗe bai bushe ba. A ƙasa mai zafi kuwa gumi kaɗai ya isa ya jiƙa safa, fata ta yi laushi, bororo ya fito. Ma'aikacin da ya tara kuɗi da hutun shekara domin hawa Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na iya juyowa a rana ta biyu saboda dunduniya ta saluɓe.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi tafiyar da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, domin a gangara ne farce ke bugun hancin takalmi har ya yi baƙi. A yi makonni ana yawo da shi kafin ranar tashi. Takalmin da ya ci wannan jarrabawa shi ne na tafiya, ko nawa aka saye shi.