Sana'a da Kasuwa: Ƙyallin mota daga jikin fenti ake yanko shi

Garin Matameye yana bisa gudron da ya rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a Takieta, ya gangara kudu ya nufi iyakar Ɗan Barto, daga can sai Daura, sai Kano. Garin da ke kan irin wannan hanya ba ya rabuwa da mota, inda mota take kuwa nan cinikinta yake. Dillali yana son wadda ke hannunsa ta ɗauki ido kafin mai saye ya iso. Ma'aikacin gwamnati, wanda ya yi shekaru yana tsimin albashi kafin ya mallaki tasa, yana son ta fita ranar salla kamar yau aka sauke ta daga jirgin ruwa. Su biyun wuri ɗaya suke nufa, wato wajen mai injin goge fenti. Abin da ya kamata su sani kafin su miƙa makulli shi ne, injin nan rage fenti yake yi. Ƙyallin da ido ke gani daga jikin fentin aka yanko shi, abin da aka yanka kuwa ba ya sake tsirowa.

Motar da ta fito daga masana'anta fentinta hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shafen da ke tsare ƙarfe daga tsatsa, bisa shi akwai launi, bisa launi kuma akwai wata fata garai-garai mai kama da gilashi, wadda masu fenti ke kira berni. In an haɗa su duka, kaurinsu yakan kama daga mikoron 100 zuwa 150. Mikoron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma takardar rubutu guda tana da kaurin mikoron 100 ko kusa da haka. Berni shi kaɗai bai cika wuce mikoron 35 zuwa 50 ba. Ashe ke nan abin da mai inji ke aiki a kansa bai kai rabin kaurin takarda ba. Tsofaffin motoci da yawa, irin Peugeot 504 na masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975, da motocin haya da aka sake fesawa a garaji, launi da ƙyalli a haɗe suke cikin shafe ɗaya. Gane su ba wuya: a ɗiga man goge a farin ƙyalle a murza wani lungu. In launi ya fito a ƙyallen, babu berni, kuma ganin launi a soso ba abin tsoro ba ne. Amma motar da ke da berni, ranar da launinta ya fito a soso, to an huda fatar, babu magani sai sabon feshi.

Dalilin ƙyalli kuwa shi ne santsi. Ruwan da ya kwanta cikin kwarya yana nuna fuska, da zarar an motsa shi sai fuskar ta wargaje. Haka fenti yake: dubban ƙananan karce ne ke tarwatsa haske har mota ta dusashe. Man goge yana ɗauke da gari mai laushi ƙwarai, inji yana murza shi, shi kuma yana cin tudun da ke gefen karcen har ya daidaita da ƙasansa. Kowane gugan kirki yana cin mikoron kaɗan, kuma ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce kada abin da za a cire a duk rayuwar mota ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na berni. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki ya yi zurfi, binsa har ƙasa asara ce. Berni ne ke ɗauke da maganin da ke kare launi daga hasken rana, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. In ya yi siriri, sai rufin mota da murfin inji su fara fari-fari, daga baya su riƙa saɓulewa kamar saɓar maciji.

Babban abokin gabar fenti a wannan yanki ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta haɗa da rairayin gida. Cikin rairayi akwai ƙwayar dutsen da ke iya karce gilashi, balle fenti. Yaron gida ko direban da ke kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya, da kyakkyawar niyya yake yi, amma samfefa yake goga mata. Saboda haka rabin aikin guga wanki ne. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, a wanke daga rufi zuwa ƙasa. A shigar da motar inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, a bar ƙarfen ya huce. Ƙwayar rairayi guda in ta shiga tsakanin soso da fenti, inji zai zana ta a jikin ƙofa sau ɗari kafin mai aiki ya ankara.

Injin guga iri biyu ne. Na farko yana juyawa kai tsaye kamar fanka, ana iya saita shi daga juyi 600 zuwa 3000 a minti, aikin fenti kuwa yawanci tsakanin 1000 da 1800 ake yinsa. Yana da sauri, yana kuma tara zafi, sai hannun da ya ƙware. Na biyu yana juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda, ba ya tara zafi wuri ɗaya, shi ya fi dacewa da mai koyo da kuma gugan ƙarshe. Akwai na uku, wanda ba na guga ba ne ko kaɗan: injin yanka ƙarfe na masu walda, da wasu ke ɗaura wa gashin tunkiya don sun rasa na gaskiya. Ƙaraminsa yana juyi wajen 11000 a minti. Mai motar da ya ga an nufo ta da shi, gara ya karɓi makullinsa ya yi sallama.

Gwani ba ya fara aiki sai ya gwada. Yakan zaɓi ɗan wuri, ya soma da soso mafi laushi da mai mafi sauƙi, in sun biya bukata ba ya ƙarawa. Yakan liƙa takarda mai danƙo a bakin ƙofofi, da kan ƙusurwoyi, da robobi, domin a gefe fenti ya fi siriri, nan ne kuma inji ya fi ci. Yakan ɗauki fili kamar santimita 50 tsawo da faɗi, ya ɗiga mai sau uku ko huɗu a soso, ya baza shi da ƙaramin gudu kafin ya ƙara. Soso a kwance yake riƙe shi, yana tafiya sannu, layi yana hawan rabin layi, sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a gicciye, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokaci-lokaci yakan ɗora bayan hannu a kan ƙarfen, in hannu bai jure ba, fenti ma bai jure ba. Yakan share soso bayan kowane fili. In ya gama da man gurza sai ya sauya soso ya bi da mai laushi, don ya kashe da'irorin da gugan farko ya bari, waɗanda ba a gani a inuwa sai an fito rana. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000, da ruwa, ta sabon feshi ce mai kauri. A ƙarshe ne ake shafa kakin kariya, sabon fenti kuwa a ba shi kamar wata guda ya bushe sarai kafin kaki ya hau. Mota guda takan cinye yini. Wanda ya ce zai gama tsakanin azahar da la'asar, a tuna araha ba ta ado.

Wannan magana ta shafi aljihu kai tsaye. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, aka koma ga kwancen Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A Janairu 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa ƴan kasuwar da ke fiton su ta Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da hanya ta ƙara tsawo, motar da ke hannu ƙara daraja take yi, ta zama jari, fentinta na asali kuma yana cikin jarin. Mai saye in ya ga sabon feshi, abin da ke fara zo masa a rai shi ne haɗari, sai ya rage tayi.

Akwai kuma ƙyallin yaudara. Wani mai yana cike karce ne kawai, mota ta yi sheƙi ranar ciniki, bayan wanki biyu ko uku karcen ya dawo. Kyan ɗan maciji ke nan. Mai saye yana da hanyar kare kansa. Ya nemi a wanke motar a gabansa, ya dube ta da rana tsaka, ko ya haska tocila a karkace. Ya naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ya bi jikin ƙofofi, inda ya ƙi kamawa alhali wurin ƙarfe ne, mastik ne mai kauri a ƙasa. Ya gwada launin ƙofa da na maƙwabciyarta, ya leƙa robobin tagogi ko feshi ya taɓa su. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da ikon mayar da haja in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ba a kai gaban alƙali ba, a gari kamar Matameye, inda kowa ya san gidan kowa, dillalin da ya ɓoye aibi sau ɗaya ya sayar da sunansa tare da motar.

Saboda haka mai mota ya yi wa mai inji tambaya uku kafin a ƙulla farashi: wane inji zai ɗauka, a ina zai gwada, kuma a wace inuwa zai yi aikin. Gugan ƙarfi a bar shi sau ɗaya ko biyu a duk zaman motar a hannun mai ita, sauran shekaru kuwa ruwa, da soso mai tsabta, da kaki, da rumfa sun isa. Shi kuma mai sana'ar da ya ce wa mai mota wannan karcen a bar shi, ya fi ƙarfin berni, shi ne ya cancanci a biya shi kuɗin yininsa cikakke, a kuma nuna wa abokan aiki garajinsa.